Ban Juya Takardar Ba

Waɗanda suka daɗe suna bina sun san ba na zuwa nan neman a ce min sannu. Yau ma haka. Abin da na yi zan faɗa, kowa ya yanke min hukuncin da ya ga dama.

Ga wanda yanzu ya shigo: shekara shida na yi ina karatu a waje, wata bakwai ke nan da dawowata. A gida Baturiya ake ce min. Umma ce ta laƙaba min, ranar da na tambayi ƙarfe nawa ake cin abincin rana. Ni da ita muna zaune a gidan Yaya, wanda ya ajiye makaranta tun a aji uku na sakandare ya kama sayar da kayan gini, kuma shi ya tsaya min har na kai inda na kai. Matarsa ta tafi kwas na wata uku, ta bar min 'yan biyunta mata, 'yan aji shida a makarantar gwamnati da ke bayan layinmu. Ɗaya Rediyo muke kiranta, don in ta buɗe baki da safe ba mai iya kashe ta. Ɗayar Shiru. Wannan ba sai na yi bayani ba.

Sai Malam, malamin ajinsu. Shi ne mai zuwa ƙofar gidanmu duk Asabar da yamma, da rigarsa ruwan toka da ta sha guga har ta gaji, da guntun alli a aljihu. Umma na son sa. Kullum sai ta ce min, "Ruwan idon nan naki zai kai ki ya baro." Yaya kuwa ko ƙarar babur ɗinsa ba ya son ji. "Digiri biyu, ki ƙare a gidan mai jan kunnen yara?" Ni ina tsakiya, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Gaskiya ina son zuwan nasa. Gaskiya kuma, yana magana ina gyara masa Turanci a raina.

Bana aka fito da sabuwar jarrabawa. Duk 'yan aji shida na makarantun gwamnati rana ɗaya suka zauna, tambayoyi iri ɗaya, kuma ba malamansu suka duba takardun ba, kwashe su aka yi aka kai wani wuri. Ranar Litinin sakamako ya fito.

Ina kwance a ɗaki ina cike fom ɗin neman aiki a waya, na ji Yaya ya ƙwala min kira daga falo.

"Baturiya!"

Na fito ina jan silifas, gyale a kafaɗa. Yana zaune a bakin doguwar kujera, hannunsa duk ƙurar siminti, ya riƙe takardun biyu da ƙarshen yatsu kar su ɓaci. Yaran na tsaye, ko kayan makaranta ba su cire ba. Umma na kan darduma tana gyara carbi.

"Duba min nan. Na nema sama da ƙasa ban ga na nawa suka zo ba. Wace irin jarrabawa ce babu na ɗaya babu na ƙarshe?"

Na karɓa. Farar takarda mai kauri, suna a sama, akwatuna biyu a tsakiya. Ta Rediyo: Karatu, mataki na 1. Lissafi, mataki na 2. Ta Shiru: Karatu, mataki na 5. Lissafi, mataki na 5.

A ƙasar da na yi karatu, ɗaya ita ce ƙololuwa. Shekara shida ina farautar ɗaya. Biyar kuwa faɗuwa ce, sai ka sake darasin. Idona ya sauka kan lambobin, bakina ya riga hankalina.

"Ai a fili yake, Yaya. Ɗaya ita ce ta sama. Biyar faɗuwa ce."

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Sai yanzu abin ya iso nan."

Takardun ba su yi minti ɗaya a hannuna ba. Na miƙa masa, idona na kan wayata.

Shiru ta ɗaga kai. "Abba, amma Malam ya ce..."

"Kin fi Antinki sani? Ita da ta haye teku?"

Ta mayar da kanta ƙasa.

Ba wanda ya yi mamaki, shi ne abin. Rediyo ke ba da amsa kafin a gama tambaya. Ita ke tsayawa tsakar falo ta zubo maka shafi guda ba gargada, in baƙi sun zo ita ake kira. Shiru kuwa kullum tana lungu da wani littafin tatsuniya mai yagaggen bango. A jarrabawar aji kusa da kusa suke zuwa, wannan ta huɗu, wannan ta biyar. Umma ta ce, "Dama ai mai baki ita ke da ƙwaƙwalwa. Ni ta gado."

Abu ɗaya na lura da shi na watsar. Rediyo ba ta yi tsalle ba. 'Yar'uwarta ta kalla.

Bayan la'asar Yaya ya dawo da agogo a ƙaramin kwali, ruwan hoda, mai maɓallin da in an danna yake kawo haske. Da kansa ya ɗaura wa Rediyo. Sannan ya shiga ɗakinsu ya tattaro littattafan Shiru, goma sha ɗaya, ya zuba a bayan mota ya kulle.

"Tatsuniya ce ta lalata ki. Sai kin dawo hayyacinki."

Ba ta yi kuka ba. Ta je ta wanke safarta ta shanya.

Ranar Talata suka dawo da wata takarda. Makaranta za ta buɗe ajin ƙarin karatu ga yaran da jarrabawar ta nuna suna buƙata, kuma sai uba ya sa hannu. Sunan Rediyo ne a kai.

Yaya ya miƙe tsaye. "Kun gani? Malamin nan ko bambance su bai iya ba!"

Ya ɗauki waya ya shiga guruf ɗin iyayen ajin, ya danna saƙon murya, yana kai kawo a falo.

"Salamu alaikum iyaye. Ni ne baban 'yan biyu. A faɗa wa malamin nan ya buɗe idonsa. 'Yata ta ci mataki na ɗaya, ya aiko min wai ba ta iya karatu ba. Wadda ta faɗi kuma ko a jikinsa. Shekara guda yana tare da su bai san wace ce wace ba. Kuma kar wani ya ce ban gane ba. Ƙanwata ce ta duba, digirinta biyu, daga waje."

Malam ya kira shi sau uku, ya katse sau uku. Can Yaya ya leƙo ɗakina yana dariya. "Wani tela a guruf ɗin wai zai koya min karanta sakamako. Na ce masa digirinsa nawa?"

Na yi dariya. Ku rubuta wannan ma a kaina.

Dariyar ba ta gama barin bakina ba saƙo ya shigo. Malam.

"Barka da yamma. In kin samu sarari, ki juya takardar."

Ke nan. Ko gaisuwar da ya saba jerowa babu.

Takardun na saman firiji, Yaya ya ɗora musu kwalin agogon. Na sauko da ɗaya na juya. Ƙananan rubutu, layi biyar. Mataki na 5: yaro ya zarce abin da ake so a shekarunsa. Mataki na 3: ya kai. Mataki na 1: bai kai ba, yana buƙatar taimako da gaggawa.

Na karanta sau biyu a tsaye, firiji na gurnani a gefen kunnena. Na mayar da takardar yadda na same ta, fuskarta sama, na ɗora kwalin. Har gyara masa zama na yi.

Ku da kuke cewa a ranku ai sai ki je ki faɗa, kun yi gaskiya. Taku goma ne daga firiji zuwa inda Yaya yake. Kwana biyu na yi ban taka su ba.

Laraba da hantsi na kira Malam, lokacin da na san an fita tara. Ina jin ihun yara a bayansa.

"Na gani," na ce.

"To, alhamdu lillahi."

"Wane irin tsari ne wannan? Ko'ina a duniya ɗaya ce gaba."

"Ban je ko'ina a duniya ba," ya ce, ba gatse a muryarsa, abin da ya fi ƙona ni ke nan. "Amma wannan kamar matakala ce. Daga ɗaya ake fara hawa. Kuma ba gwada yaro take da na kusa da shi ba, shi ya sa babu na nawa. Tambaya ɗaya take yi: abin da ya kamata ɗan shekara goma sha ɗaya ya iya, wannan ya iya?"

"Yarinyar da ke karanta shafi guda a gabana?"

"Haddacewa take yi. Tun aji ɗaya benci ɗaya suke zama ita da 'yar'uwarta. Wannan jarrabawar ce ta fara raba su, aka sa kowacce a ɗaki dabam. Ni ma ta rufe min ido har zango na biyu. Yara saba'in ne a gabana, mai ɗaga hannu nake gani. Nawa laifin ke nan, ban ɓoye shi ba."



"Jiya saƙon Yayanki ya yi ɓarna," ya ci gaba. "Yarinya ɗaya ta zo min da shatar bulala a ƙafa, don ta ci biyar. Na bi iyayen ɗaya bayan ɗaya a waya, sun gane. Saura shi, ya toshe lambata."

"Me ya hana ka saka hoton bayan takardar a guruf kowa ya gani?"

"Sunanki ya kafa a wurin."

Ban gode masa ba. Cewa na yi, "Ban roƙe ka ka rufa min asiri ba."

"Ba ki roƙa ba. Kujera ashirin ce a ajin, Juma'a ake rufewa. In ta wuce sakandare a haka, ba mai tsayawa ya koya mata baƙi da wasali. Kuma Yayanki bakinki kaɗai zai yarda da shi."

Aka kaɗa ƙararrawa, ya yi min sallama.

Ranar na tsara ƙarya kala uku. Zan ce an canza tsarin daga baya. Zan ce sun buga lambobin a juye. Zan ce ni dama cewa na yi a bincika. Kowacce na gwada ta a gaban madubi, kowacce ta fi 'yar'uwarta wari. Da Yaya ya dawo ya ce min, "Wani ɗan kwangila ya ji labarinki, zai kawo sakamakon ɗansa ki duba masa." Na ce to. Shiru ta wuce ta gabana da tsintsiya. Na ga ta tsaya a bakin ƙofa tana karanta rubutun jikin kwalin sabulu. Abin da ya rage mata ke nan a gidan.

Alhamis bayan sun dawo makaranta ina kicin ina wanke-wanke, hannuna cikin kumfa. Rediyo na zaune a kan buhun shinkafa tana ba ni labarin faɗan da aka yi a layin famfo, tana danna agogonta yana haske yana mutuwa. Wayata ta yi ƙara a kan kanta.

Da gangan na yi abin da na yi. Ba don in taimake ta ba. Fata nake jarrabawar ce ta yi ƙarya, in fita kunya.

"Ɗauko ki karanta min, hannuna da ruwa."

Ta ɗauka. Ta kalli ƙofa, Shiru ba ta kusa.

"Daga Malam ne," ta ce. Hotonsa na jiki. Ta ɗora yatsa a kan rubutun tana ja a hankali, kamar yadda ake yi. "Ya ce yana gaishe ki. Ya ce ya gida, ya su Umma. Ya ce ranar Asabar zai zo, ki sa koriyar rigar nan."

Ko tuntuɓe ba ta yi ba. Da ban goge hannuna na karɓa ba, da na yarda.

Ga abin da ya rubuta: "Gobe ƙarfe goma ake rufe rajista. Na riƙe mata kujera ɗaya. In ya yi miki nauyi, zan je shagon Yayanki da safe in ce makaranta ce ba ta yi bayani ba, ko da zai kore ni."

Na durƙusa a gabanta na riƙe wayar. "Nuna min inda aka rubuta Asabar."

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa a kan "rajista". Ta kalli fuskata, ta janye yatsan.

"Anti, kar ki faɗa wa Abba."

"Tun yaushe kika san biyar ce ta sama?"

"Malam ya faɗa mana a aji kafin a raba. Kowa ya sani."

Kowa. Yara saba'in.

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

Ta rufe agogon da ɗaya hannun. "Abba bai taɓa saya min abu ni kaɗai ba. Komai biyu ake sayowa. Shiru ta ce in riƙe, ita ba ta damu ba, littattafanta kawai take so." Sai bakin ya ɓalle. "Sau ɗaya take karanta min, Anti, sai in riƙe duka. Ai ba kowa zai iya ba, ko? In ta ci gaba da karanta min ba wanda zai sani. Ke ma ba sai an yi miki dariya ba. Kin ga duk mun huta."

Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta karance ni tas, ita da ba ta iya karatu ba. Kuma na ɗan tsaya ina auna tayin nata. Daƙiƙa nawa, ban sani ba. Amma na auna.

Ƙarfe biyar Yaya ya shigo. Ya zauna yana cire takalmi, Umma na gefe tana tsinke zaren da ya fito a bakin mayafinta. Na sauko da takardun daga saman firiji, da fom ɗin, da biro. Na ajiye a kan teburin gabansa, bayansu a sama.

"Yaya, kuskure na yi. Biyar ce ta sama. Ban juya takardar ba."

Ya kalle ni kamar da wani yare na yi maganar. Ya jawo takardar, ya matso da ita kusa da ido. Ya sa yatsa yana bin layin, leɓensa na motsi. A hankali yake karatu, amma yana karantawa. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Ashe ni ma zan iya ganewa," ya ce, ba da ni yake ba. Sannan ya ɗago. "Ban juya ba don na ga ke kin duba."

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Umma ta ce, "Baturiya, ashe a can ba a koya muku juya takarda?" Ba wanda ya yi dariya, har ita.

Ya kira yaran. Suka zo suka tsaya inda suka tsaya ranar Litinin. Rediyo na ganin takardun a kife ta gane. Ba ta kalle ni ba. Ta fara kwance agogon, maɗaurin ya ƙi, ta sa haƙori.

"Me kike yi?"

"Na Shiru ne."

"Mayar. Na ce ki mayar!" Ya laluba aljihu ya zaro makullin mota ya miƙa wa Shiru, fuskarsa na kallon bango. "Je ki kwaso kayanki."

Ta karɓa da hannu biyu. Ba ta tafi ba sai da ta kama hannun 'yar'uwarta, ita kuma ta fizge.

Yaya ya sa hannu a fom ɗin, ya danna biron har takardar ta huje. Sannan ya buɗe guruf ɗin iyaye ya turo min wayar a kan tebur.

"Da bakina na ɓata, amma da sunanki."

Na ɗauka na danna. "Salamu alaikum. Ni ce ƙanwar baban 'yan biyu, mai digiri biyun. Ni na karanta sakamakon a juye. Mataki na biyar shi ne na sama, bayanin na bayan takardar. Malam bai yi kuskure ba. Uwar yarinyar da aka daka, ki ba ta haƙuri, ki ce ni ce." Na saki. Nan take na ga mutum tara sun saurara. Na farko telan ne.

Yaya ya karɓi wayarsa yana juya ta a hannu. "Malamin nan kuwa..." Bai ƙarasa ba. Ya zura takalminsa ya fita.

Daga nan gidan ya mutu. Shiru na lungunta da littattafai goma sha ɗaya a cinya, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Rediyo ta shige ɗaki. Tun da na dawo ƙasar nan ban taɓa jin ƙarar agogon bangon falonmu ba sai ranar. Na koma kicin na ƙarasa wanke-wanken da ruwan da ya riga ya huce, na sake wanke kofunan da na wanke.

Gab da magariba na ji motsi a bayana. Rediyo ce a bakin ƙofa, ido a kumbure, agogon a hannunta an ɗaura shi a karkace. Wayata na mance a falo, ita ce ta riƙo, fuskar wayar na haske da hoton Malam.

Ta miƙo min daga nesa, ba ta shigo ba.

"Anti, saƙo ya shigo," ta ce. "Ban san me ya ce ba."